Tudun da Sumul Ya Fasa

Akwai wani matashi mai shagon sayar da wayoyi, wanda duk layinsu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sumul ake ce masa, saboda bakinsa ba ya rabo da kalmar. Ka tambaye shi ya kasuwa, sumul. Ya iyali, sumul. Ko zazzaɓi ke cin sa, ka ce masa ya jiki, zai ce maka sumul.

Ba mugun mutum ba ne, wannan gara a faɗa tun farko. Yana riƙe da mahaifiyarsa, yana kyautata wa matarsa, kuma yana son 'yarsa ɗaya tilo kamar ransa. Yarinyar ba ta daɗe da shiga makaranta ba, siririya ce mai dogayen ƙafafu, ba ta iya tafiya ba sai gudu. Kakarta ce ta sa mata Balbela, sunan kuwa ya bi ta.

Matsalar Sumul ɗaya ce. In abu ya shiga ransa, ba ya ƙara ganin kowa sai abin.

Abin da ya shiga ransa a wannan shekarar mota ce. Ya sayi wata baƙa mai ƙofa huɗu, lafiyayya, ba abin da ke damun ta. Sai wani abokinsa ya sa shi a wani guruf na waya inda samari masu ƙawata mota ke tura hotuna. A can ya ga motoci kwance a ƙasa kamar kada a bakin ruwa, manyan tayoyi sun cika gurbinsu dam. Tun daga ranar, in ya kalli tasa sai ya ga kamar ta tattare zani za ta tsallake kwata.

Ya kai ta gareji.

Bakaniken ya zagaya ta yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Hanya biyu ce, yallaɓai. Ko a sa mata gajeren sifirin, inda ta sauka nan za ta tsaya. Ko kuma a sa wanda ake ce wa koyiloba. Shi shokozoba ne haɗe da sifirinsa, yana da zare kamar murfin kwalba. Ka murɗa nan ta tashi, ka murɗa can ta kwanta."

"Shi nake so. Da manyan wili."

Aka yi aikin. Aka sa wili masu sheƙi, da tayoyi sirara kamar baƙin fenti aka shafa a bakin ƙarfen. Da aka sauke ta daga kan jak, Sumul ya ja baya ya ƙare mata kallo.

"A ƙara."

Aka murɗa, ta ƙara sauka.

"A ƙara."

Bakaniken ya yi dariya. "Yallaɓai, yanzu fa ko kyanwa sai ta yi jan ciki kafin ta shiga ƙarƙashinta."

"Wa ya gayyaci kyanwa? A ƙara."

"To, motarka ce."

A hanyar komawa gida, duk tsakuwar da ya taka sai ya ji ta a ƙashin bayansa. Amma ya ga yadda mutane ke waiwayowa, wannan ya ishe shi. Murnarsa ba ta yanke ba sai da ya shigo layinsu.

Layin su Sumul miƙaƙƙe ne mai kwalta, ya haɗa manyan tituna biyu. A tsakiyarsa akwai tudun siminti na rage gudu. Ba hukuma ce ta yi shi ba, mutanen layin ne da hannunsu. Shekarun baya, tun kafin su Sumul su tare a nan, wata mota ta kwaso gudu ta buge 'yar wani mai wanki da guga a daidai wurin. Yarinyar ba ta kai asibiti ba. Bayan an binne ta, mazan layin suka haɗu suka kwaɓa siminti. Da ɓacin rai suka yi aikin, shi ya sa tudun ya fi na ko'ina tsayi. Daga nan direbobi suka daina yanke ta layin, don ba wanda ke son wahalar hawansa.

Uban yarinyar yana nan, ya tsufa, kowa Mai Guga yake ce masa. Rumfarsa ta kwano tana fuskantar tudun, tsallaken gidan su Sumul. Tebur ɗaya, dutsen guga na gawayi, igiyoyin shanya, shi ke nan. Ba shi da yawan magana. Har kayan Sumul shi ke goge su.

Sumul ya iso tudun ya rage gudu, ya hau a hankali. Sai aka ji ƙara kamar ana jan kwano a kan dutse. Motar ta tsaya cak, cikinta a kan siminti. Masu zama ƙofar shagon kayan masarufi suka kwashe da dariya. Ya ja baya, ya karkata, ya sake hawa a gicciye, da ƙyar ya wuce, bambar gaba ta tsage.

Da ya zo ƙofar gidansa ya tarar da wata sabuwa. Gangaren kwalbatin da ake hawa a shiga gidan ya fi ƙarfin motar. Dole ya ajiye ta a tsallaken titi, ƙarƙashin bishiya, kusa da rumfar Mai Guga. Nan ya zama wurin kwananta.

Mahaifiyarsa ta leƙo ta ƙofa. "Motar nan lafiya kuwa? Na ga kamar ta durƙusa."

"Gayu ne, Inna."

"Gayun ne ya hana ta shiga gidan ubangidanta?"

Sau ɗaya tsohuwar ta shiga motar. Da suka dawo sai da aka kama hannunta aka ciro ta, ta ce ita da wannan mota sai dai gaisuwa daga nesa.

Kullum safe da yamma sai Sumul ya sha fama da tudun. Kullum sai an yi dariya. Matarsa ta ce, "Baban Balbela, ka riƙa bi ta ɗaya bakin layin mana."

"Ni in yi zagaye saboda tulin siminti?"

"To ka koma a ɗan ɗaga ta. Ba kai ka ce murɗawa kawai ake yi ba?"

"In ɗaga ta, 'yan guruf su ce me?"

Ta bar maganar, don ta san wannan muryar.

Wata safiya, bayan maza sun watse wuraren aiki, Sumul ya zo da leburori biyu, da diga da babbar guduma. Suna sauke kayan, Mai Guga ya ajiye dutsen gugarsa ya fito.

"Ɗana, me za a yi a nan?"

"Gyara, Baba. Tudun nan ya yi yawa, yana kashe mana motoci."

"Ka san dalilin da ya sa aka yi shi?"

"Na ji labari. Allah ya ji ƙanta. Amma abin ya daɗe, Baba. Ba za a riƙe layi guda saboda abin da ya riga ya wuce ba."

Dattijon ya dubi tudun. Ya ce, "A rage masa tsayi, na yarda. Ni da kaina zan kwaɓa muku simintin. Kada dai a cire shi."

"Ko rabinsa aka bari motata ba za ta hau ba."

"To ai motar ce ba ta dace da hanyar ba."

Ɗaya daga cikin leburorin ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya tunzura Sumul.

"Baba, kai da ko keke ba ka da shi, me ka sani game da hanya? Ka koma kan gugarka. Akwai kayana a wurinka tun jiya."

Mai Guga ya dube shi. Ya juya ya koma rumfarsa, ya ba titi baya, ya ɗauki dutsen guga. Leburorin suka tsaya suna kallon juna, sai da Sumul ya daka musu tsawa suka fara. Duk sanda guduma ta sauka, kafaɗar tsohon sai ta motsa kamar shi ake duka.

Kafin azahar an kwashe ɓaraguzai. Abin da ya rage sai wani farin tabo da ya ratsa kwaltar daga gefe zuwa gefe.

Mahaifiyar Sumul ta ga komai daga bakin ƙofa. Da ya shigo ta ce, "Ka je ka ba mutumin nan haƙuri."

"Zan je, Inna."

Bai je ba. Da yamma sai ga Mai Guga da kansa ya kawo kayan Sumul, an goge an ninke tsaf kamar kullum. Ya miƙa wa matar Sumul, ya shafa kan Balbela, ya koma.

Da maza suka dawo aka yi ta hayaniya. Sumul ya fito yana kaɗa makulli. Ya ce ai tun asali ba da izini aka yi tudun ba, kuma shi ya san mutane a ofis, duk wanda ya sake zuba siminti a titin hukuma sai ya je ya yi bayani. Ko gaskiya ya faɗa ko barazana ce, ba wanda ya sani. Mutane suka ja baya. Aka ce za a zauna, za a rubuta wa hukuma, za a yi, za a yi. Kowa yana jiran wani ya fara.

Da farko ba abin da ya canza. Sumul yana wucewa sumul, yana kallon 'yan ƙofar shago ta madubi.

Sai babura suka gane. Bayan su motocin tasi. Bayan su motocin ɗaukar kaya, har da tifa mai yashi. Labari ya bazu tsakanin direbobi cewa layin ya buɗe, kuma ya fi babban titi sauri.

Sautin layin ya canza. Da, daga cikin ɗaki kana jin mota ta taka burki, ta hau, ta sauka. Yanzu sai dai ka ji wuf, labulen taga ya ɗaga ya koma.

Akuyar mai shagon kayan masarufi ce ta fara tafiya. Jininta ya daɗe a kwalta ba a wanke ba, ƙudaje na bi. Bayan nan wani babur ya ture mai sayar da ruwa, jarkokinsa suka watse, ya tashi yana ɗingishi. Mata suka daina aiken yara shago. Yaran da ke buga ƙwallo a titi da yamma suka ɓace, layin ya yi tsit in ban da gurnanin injuna.

A lokacin ne Mai Guga ya jawo teburinsa zuwa bakin kwalta. In lokacin tashin makaranta ya yi, sai ya ajiye aiki, ya ɗauki wani tsohon jan tawul, ya tsaya a kan farin tabon yana ɗaga wa motoci. Wasu su rage gudu, wasu su zage shi, wasu su wuce har iskarsu ta kaɗa rigarsa. Aka fara raɗe-raɗin ko tsohon ya fara taɓuwa.

Sumul ya ce wa mai shago, "Mun sami ɗan sandan hanya kyauta."

Mai shago bai yi dariya ba.

Wata rana suna cin abinci matarsa ta ce, "Baban Balbela, gabana faɗuwa yake yi. Yarinyar nan ta san ƙarar motarka. Da ta ji ta, sai ta yi ƙofa da gudu. Ka daina ajiye ta a tsallake."

"Ina zan ajiye ta? Kuma ai ƙofa a kulle take."

"Ni ke kulle ta. Ni kuma mutum ce."

Mahaifiyarsa, wadda ta daina zaman ƙofar gida da yamma, ta ture kwanonta gefe. Ta ce, "Layin nan kamar yana jiran wani. Ban dai san ko wane ne ba."

Sumul ya ce, "Haba Inna, ki daina irin wannan maganar." Ya yi dariya, amma ba wanda ya taya shi.

Ranar da abin ya faru, famfon gidan ne ya lalace. Mai gyara ya zo bayan la'asar, yana ta shiga da fita yana ɗauko kayan aiki daga babur ɗinsa. A fitarsa ta ƙarshe ya jawo ƙofar, bai sa sakata ba.

Sumul ya dawo da wuri. Ya ajiye motar ƙarƙashin bishiya, ya ɗan taka totur kafin ya kashe, kamar yadda ya saba. Ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa ɗaya waje. Motar ta yi ƙasa sosai, fita daga cikinta sai an dafa an yunƙura.

Yana cikin yunƙurin ya ji muryarta.

"Abba."

Ya ɗaga kai. Balbela ce ta fito daga gida da gudu, hannuwa a buɗe, idonta a kansa kawai. Daga hagu kuma wata motar ɗaukar kaya ce shaƙe da ƙarafan gini, ta kwaso gudu.

Ya yunƙura, gwiwarsa ta bugi sitiyari ya koma zaune.

Mai Guga ne ya fi kusa. Ba wanda ya taɓa ganin tsohon yana gudu sai ranar. Ya faɗa titin, ya hankaɗa yarinyar da hannu biyu, ta faɗi can gefen kwata. Ƙarar burki ta cika layin. Motar ta kwashe shi, ta kayar, tayar gaba ta bi ta kan ƙafarsa ta dama kafin ta tsaya.

Balbela ta tashi tana kuka, gwiwa da gwiwar hannu sun ƙuje. Uwarta ta fito ba ko mayafi ta sure ta.

Mai Guga yana kwance, idonsa a buɗe, bai yi ihu ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa ba kyan gani. Mai shago ya ɗauko jan tawul ɗin ya ɗaure cinyar da ƙarfi. Direban motar kayan ya tsallake katanga ya gudu da makullinsa. A wannan lokacin motar da za a iya tayarwa a layin ɗaya ce, ta Sumul.

"Ku sa shi a baya," in ji Sumul. "Ku sa shi, mu tafi."

Aka kwantar da tsohon a kujerar baya. Mai shago ya shiga ya tallafe kansa, wani maƙwabci ya shiga gaba. Da nauyin mutum huɗu ya hau, motar ta zauna a kan tayoyinta. Suna tashi aka fara jin gugar taya da bodi, warin roba mai ƙonewa ya cika ciki. Ga shi ba ta da sauran laushi. Duk ramin da suka faɗa sai tsohon ya yi wani nishi da Sumul bai taɓa jin irinsa ba.

Hanyar asibiti ta bi ta gaban wata makaranta, a nan kuwa tuddan rage gudu a jere suke.

Na farko, sai da ya tsaya ya karkata, ya hau a gicciye, cikin motar na kartar siminti. Na biyu ta ƙi hawa sam. Maƙwabcin da ke gaba ya sauka don ta ɗan ɗaga, ya tura ta daga baya. Masu motoci na bayansu suna ta hon.

Mai shago ya ce, "Jinin nan bai tsaya ba. Ka yi sauri, don Allah."

Sumul ya hango na gaba. Ya ce a ransa ba zai ƙara tsayawa ba. Ya taka totur.

Aka ji wani dum daga ƙasa, motar ta yi tsalle ta dawo. Jar fitila ta kama a gabansa. Ba su yi nisa ba injin ya shaƙe ya mutu. Da ya fito ya duba, baƙin mai ne ke malala a kwalta. Tukunyar man da ke ƙasan injin ta fashe.

Sumul ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga wa motoci hannu, rigarsa duk jini. Wasu suka rage gudu suka leƙa suka wuce. Wasu ko kallonsa ba su yi ba. Bai san iya lokacin da ya ɗauka a nan ba, ya dai san muryarsa ta dushe kafin wani mai tsohuwar tasi ya tsaya, ya sauke fasinjojinsa, ya ce a kawo shi.

A asibiti aka shiga da tsohon ɗakin tiyata. Da likitan ya fito ya ce ransa dai an samu, amma ƙafar sai da aka cire ta daga gwiwa.

Sumul ya bi shi har bakin ofis. "Likita, da mun zo da wuri fa?"

Likitan ya dube shi. "Ba zan ce maka da an ceto ta ba, ƙashin ya dagargaje. Amma jinkirin bai taimaka ba. Ya zubar da jini da yawa."

Matar Mai Guga tana zaune a kan benci a barandar, tsohuwa ce ƙarama. Sumul ya durƙusa a gabanta zai yi magana. Ta tattara mayafinta, ta tashi, ta koma wani bencin.

A gida ba wanda ya ce masa ai an faɗa maka. Mahaifiyarsa ta zuba masa ruwan wanka, ta ɗauki rigar mai jini ta jiƙa. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Balbela kuwa ciwonta bai kai ya kawo ba, amma ta daina gudu. In ta ji ƙarar mota sai ta ruƙunƙume zanin uwarta.

Washegari da safe mazan layin suka fito da buhunan siminti da shebur don sake gina tudun. Ba wanda ya yi zancen izini. Sumul ya fito ya ɗauki kwanon ɗiban kankare ya shiga cikinsu. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce masa sannu.

Motar kuwa janwe ya kai ta gareji. Ya ce wa bakaniken ya mayar da ita yadda kamfani ya yi ta, ya nemo mata mai saye. Ko leƙa ta bai ƙara yi ba.

Ya yi ta zuwa asibiti yana tsayawa a baranda, ya kasa shiga. Sai wata rana da ya ga matar tsohon ta fita wanke kwanuka, ya daure ya shiga. Tsohon yana kwance, ya rame, zanin gadon ya kwanta shafal a inda ya kamata ƙafa ta kasance.

Sumul ya durƙusa a bakin gadon. "Baba, ka yafe mini."

Mai Guga ya juyo da kansa. Sannan ya ce, "Yarinyar fa?"

"Tana gida. Ƙujewa ce kawai."

"To, mun gode Allah."

Tsohon ya ja numfashi. "Ranar da aka buge tawa, ina tsaye a bakin teburin nan nawa. Na gan ta, na ga motar, na taso. Ban kai ba. Shekarun nan duk, ba ranar da ban sake wannan gudun a raina ba. Wannan karon na kai. Don haka kada ka yi mini godiya, ba don kai na yi ba."

Hawaye suka zubo wa Sumul. Ya kasa ɗaga kai.

"Yafiya kuwa, ɗana, ba zan yi maka ƙarya ina kwance a gadon asibiti ba. Na duba zuciyata, ban same ta ba tukuna. Ka bari sai ranar da na taka da kaina daga gidana zuwa rumfata. Ranar ka tambaye ni."

Aka sallame shi bayan wani lokaci. Watanni suka shuɗe yana gida yana jinya. Sumul ya ɗauki ɗawainiyar gidan Mai Guga, matar tsohon ba ta taɓa yi masa godiya ba, ba ta kuma taɓa mayar masa da abin da ya kawo ba. Ya kira kafinta ya gyara rumfar, aka yi tebur da kujera yadda mutum zai iya guga a zaune. Kullum kafin ya tafi shago sai ya share wurin ya cika bokitai da ruwa, ko da yake ba mai aiki a ciki.

Wata safiya yana cikin ɗiban ruwan ya ga layin ya yi tsit. Ya waiwaya. Mai Guga ne ya fito daga gidansa a kan sanduna biyu, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe an soke da fil. Mai shago ya taso zai kama shi, ya girgiza kai. Taku ɗaya, ya huta. Taku ɗaya, ya huta. Mata suka leƙo ta ƙofofi. Gumi ya jiƙa masa riga kafin ya kai rabin hanya, amma bai tsaya ba sai da ya shiga rumfar ya zauna a kujerar.

Ya jingine sandunan. Ya ɗaga kai ya dubi Sumul, yana jira.

Sumul yana tsaye da bokiti a hannu. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Baba, in hura gawayin?"

Tsohon ya jawo dutsen guga gabansa. Ya ce, "Hura."

Har yau da nake ba ku wannan labari Sumul bai tambaye shi ba. Kullum da safe yana zuwa, ya ɗebo ruwa, ya hura gawayi, su gaisa, ya wuce shago. Matarsa ta taɓa ce masa me ya hana shi tambaya, alhali mutumin ya cika sharaɗinsa.

Ya ce, "In ya ce a'a, ban san inda zan sa kaina ba. In kuma ya ce ya yafe, ban ga abin da na yi da na cancanta ba."

Darasi: Ba laifi ba ne mutum ya so abinsa ya yi kyau. Laifin yana farawa ne ranar da jin daɗinka ya fi maka ran maƙwabcinka muhimmanci. Kafin ka kawar da abin da ya tare maka hanya, ka tambayi wa yake karewa, domin wataƙila naka ne. Kada kuma ka raina mai yi maka gargaɗi don ba shi da abin da kake da shi. Akwai ɓarnar da haƙuri ba ya gyarawa, ko an yafe maka sai ka rayu da ita. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa duk wani mai riƙe sitiyari da ka sani, wataƙila ya sa wani ya ɗaga ƙafa daga kan totur yau.